Kaifin basira ba ya dafa tuwo

Akwai hukunci guda da ake yanke wa masu larurar otizim da masu larurar sikizofireniya a asibiti, a ofis da kuma tsakar gida, kuma a duk wuraren uku lafazinsa ɗaya ne: ai lafiyarsa ƙalau. Likita ya yi wa mutum tambayoyi ya ga yana amsawa daidai, ko ya ga muryoyin da yake ji a da sun yi shiru, sai ya rufe fayil. Jami'in rabon tallafi ya duba makin gwajin basira ya ga ya haura 70, sai ya ce bai cancanci taimako ba. Dangi su ga yaro ya haddace sunayen 'yan wasan ƙungiya goma, ko ya iya kwance waya ya mayar, sai su ce wanda ya iya wannan ba zai kasa yin wanka kan lokaci ba, lalaci ne kawai ko taurin kai.

Wannan hukunci kuskure ne, kuma masana ƙwaƙwalwa sun san haka fiye da shekara 30. Basira daban, iya tafiyar da yini daban. Mutum na iya cin kowane gwaji a ɗakin likita, ya fito ya kasa haɗa cefane da girki da shan magani a rana guda. Duk tsarin da ke auna na farko ya yanke hukunci kan na biyu zalunci yake yi da sunan kimiyya, kuma waɗanda abin ya shafa ba kaɗan ba ne. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, mutum kusan miliyan 24 ke da sikizofireniya, wato ɗaya cikin 300, sannan kusan yaro ɗaya cikin 100 na da otizim.

Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa, ana ganin alamunsa tun ƙuruciya: bambanci a cuɗanya da magana, son abu ya riƙa tafiya a tsari ɗaya, da jin ƙara ko haske ko taɓi fiye da kima. Sikizofireniya kuwa takan bayyana daga ƙarshen samartaka zuwa wajen shekara 30, da jin muryoyin da babu su, da yarda da abin da bai faru ba, da rikicewar tunani, da mutuwar himma. Larurori ne mabambanta, amma sun haɗu a wani lungu da ba kasafai ake leƙawa ba.

Ragamar aiki

A ɗauki girkin tuwo da miya. Mai girki takan ɗora ruwa, kafin ya tafasa ta jajjaga kayan miya. Ta yi talge ta bar shi ya nuna, ta koma kan miya, ta dawo ta tuƙa kafin ya kama, ta rufe ya sulala. In maƙwabciya ta yi sallama za ta amsa ba tare da ta manta tukunya tana kan wuta ba. In ta tarar daddawa ta ƙare, ko baƙi uku suka faɗo, nan take za ta sake lissafi. Babu mai kiran wannan hazaƙa, alhali aikin da ƙwaƙwalwa ta yi a cikinsa ya fi na amsa tambayoyi hamsin a takarda nauyi.

Abin da ke riƙe da dukan waɗannan matakai shi ne za a kira ragamar aiki, kuma cibiyarsa tana sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, tare da hanyoyin da suka haɗa shi da sauran sassa. A shekarar 2000 Akira Miyake da abokan aikinsa a Jami'ar Colorado suka nuna cewa ragamar ta ƙunshi ƙwarewa uku masu dangantaka amma da za a iya rarrabewa. Akwai riƙe bayani a ka ana sabunta shi yayin da ake aiki, akwai birkin da ke danne abin da zuciya ta fara kawowa, sai kuma sauya akala daga wannan aiki zuwa wancan. A kan waɗannan ne tsara mataki, da soma aiki ba tare da an tunkuɗa mutum ba, da lura da kuskuren kai suka ginu.

Abu na biyu shi ne iya riƙe kai, wato abin da mutum ke yi wa kansa a zahiri: wanka, sutura, abinci, kuɗi, zirga-zirga, saƙo, zama da mutane. Edgar Doll ne ya fara auna shi da tsari a 1935, a wata makarantar masu larurar ƙwaƙwalwa da ke garin Vineland a jihar New Jersey ta Amurka, kuma a 1984 Sara Sparrow da abokan aikinta na Jami'ar Yale suka sake gina ma'aunin, wanda har yau ke ɗauke da sunan garin. Hikimar ma'aunin tana cikin tambayarsa. Ana tambayar wanda ke zaune da mutum ko yakan yi abu kaza da kansa ba tare da an tuna masa ba. Zai iya in ya ga dama amsa ce da ba ta samun cikakken maki, domin tukunyar da za a iya ɗorawa ba ta ƙosar da kowa.

Ɗakin da ke ɓoye ciwo

A 1985 Paul Eslinger da Antonio Damasio suka wallafa labarin wani majinyaci da suka ɓoye sunansa da haruffan EVR. Akanta ne mai rufin asiri, aka cire masa ƙari daga sashen gaba na ƙwaƙwalwa. Bayan tiyata makin basirarsa ya ci gaba da zarce na akasarin mutane, har gwaje-gwajen da aka tsara musamman don gano raunin wannan sashe ya ci su. A waje kuwa ya rasa aiki, ya yi asarar dukiyarsa, aurensa ya mutu, kuma zaɓen gidan cin abinci kaɗai kan cinye masa sa'o'i.

Shekara shida bayan haka, a 1991, Tim Shallice da Paul Burgess suka fitar da gwajin daga ɗaki zuwa titi. Suka ɗauki majinyata uku masu rauni a sashen gaba na ƙwaƙwalwa, dukansu masu makin basira mai kyau, suka kai su wani layin shaguna a Landan. Aka ba su kuɗi da takarda: a sayo 'yan kaya irin su burodi, a samo wasu bayanai irin su farashin tumatir, a kasance a wuri kaza a lokaci kaza, kada a shiga shago sai don saye. Aikin da za a iya aiken ɗan shekara 12 ya yi. Mutanen uku suka karya ƙa'idoji, suka yi ta kai da kawowa, suka bar ayyuka ba a gama ba.

Dalilin wannan saɓani a fili yake. A ɗakin gwaji babu hayaniya, aiki ɗaya ne a gaban mutum, mai gwaji ne ke cewa a fara, shi ke cewa a tsaya, shi ke bayyana ƙa'ida, shi ke dawo da hankali in ya tafi. Wato mai gwaji ya karɓi ragamar da kansa, sannan ya rubuta cewa ragamar majinyaci ba ta da matsala. Wanda ke son sanin ko doki na jin linzami ba a turke zai gwada shi ba.

Alƙaluma sun goyi bayan haka. A 2013 Maggie Toplak da Richard West da Keith Stanovich suka tattara bincike 20 da suka kwatanta gwajin ɗaki da rahoton rayuwar yau da kullum. Cikin kwatance 286, guda 68 ne kacal, wato kashi 24 cikin 100, suka nuna dangantakar da za a dogara da ita, kuma matsakaicin ƙarfin dangantakar 0.19 ne, a ma'aunin da 1 ke nufin daidaito cikakke. Hukuncinsu shi ne abubuwa biyu daban ake aunawa. Gwajin ɗaki na da amfaninsa, yana nuna iyakar ƙarfin mutum in an share masa hanya. Matsalar ita ce rayuwa ba ta share hanya.

Laƙabin da ke hana taimako

A Turanci akwai laƙabin da aka daɗe ana manna wa masu otizim da makin basirarsu ya kai 70 ko ya haura, wanda ma'anarsa ita ce masu iya tafiyar da kansu sosai. Laƙabin bai taɓa zama sunan larura a hukumance ba, amma ya yi aikin hukuma: da shi ake rage wa yaro malamin taimako, da shi ake sallamar saurayi daga jerin masu tallafi.

A 2019 Gail Alvares da Andrew Whitehouse da abokan aikinsu a birnin Perth na Ostireliya suka duba bayanan yara da matasa 2,225 masu otizim. Suka gano cewa waɗanda ba su da raunin basira, makinsu na iya riƙe kai ya faɗi ƙasa da makin basirarsu nesa ba kusa ba, suka kuma yi kira da a daina amfani da laƙabin. Wasu binciken sun nuna cewa tazarar kan ƙaru yayin da yaro ke girma. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ɗan shekara shida uwarsa ce ragamarsa, ita ke tashe shi, ita ke shirya masa jaka. Ɗan shekara 20 kuwa ana sa ran ya cika fom, ya riƙe kuɗin wata, ya san ranar da za a rufe rajista, ya jure in an sauya ɗakin lacca ba sanarwa. Nauyi ya ninka sau goma, taimako ya ragu zuwa sifili, sai a ce yaro ya lalace.

A rahoton iyaye da na masu otizim kansu, wurin da ya fi ciwo shi ne sauya akala. Mutum na iya yin aikin da ya saba ba kuskure shekara da shekaru, amma in motar da yake hawa ba ta zo ba, ko aka matsar da taro daga safe zuwa yamma, yinin gaba ɗaya ya rushe. Na waje na ganin fushi ko kafiya. A ciki kuwa taswirar yinin ce ta yage, kuma zana sabuwa aiki ne mai cin ƙarfi da lokaci. Sakamakon yana bayyana a kasuwar aiki: alƙaluman da Ofishin Ƙididdiga na Birtaniya ya fitar a 2021 sun nuna kusan kashi 22 cikin 100 ne kawai na manya masu otizim ke da aikin yi, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a rukunan masu larura.

Harshen Hausa ma yana da nasa tarkon. Kalmar galahanga da ake yawan amfani da ita tana zuba larurori daban-daban a buhu guda, tana kuma zana hoton yaron da larurarsa ke bayyane ga kowa. Wanda ke magana da kyau, yana cin jarrabawa, bai shiga hoton ba, don haka ba ya samun suna sai na rashin tarbiyya.

Shirun muryoyi ba warkewa ba ne

A 1952, a asibitin Sainte-Anne da ke Faris, Jean Delay da Pierre Deniker suka nuna cewa maganin kuloforomazin na kwantar da jin muryoyi da ruɗanin tunani. Babban ci gaba ne, kuma magungunan da suka biyo baya sun fitar da dubban mutane daga gidajen kulle. Sai dai nasarar ta haifar da mugun sabo: aka mayar da shirun muryoyi ma'aunin samun sauƙi.

A 1996 Michael Green na Jami'ar California da ke Los Angeles ya tattara binciken da ake da su ya yi tambaya mai sauƙi: mene ne ke nuna wanda zai iya aiki da zama cikin jama'a? Amsar ba ta yi wa sabon daɗi ba. Ƙarfin tuna magana, da tsayar da hankali, da iya sauya dabara sun fi yawan muryoyi ko ruɗani nuna makomar mutum. Akwai mai jin muryoyi yana zuwa shagonsa kullum, akwai wanda nasa suka yi shiru shekara biyar bai iya haɗa karin kumallo ba.

Raunin tunanin nan yakan riga rikicewar farko bayyana, yakan kuma zauna bayan ta lafa, kuma magungunan da ake da su ba sa taɓa shi sai kaɗan. Wani lokaci ma ƙara shi ake yi. Maganin nan da aka fi sani da Artane, wanda ake haɗawa da tsofaffin magunguna irin su halofaridol don rage sanƙarewar jiki da karkarwa, yana toshe wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen tuna abu. Ragewa ko sauyawa hurumin likita ne shi kaɗai, kuma yanke magani da ka hanya ce ta komawa asibiti. Amma likitan da ke sabunta wannan magani wata bayan wata bai taɓa tambayar ko majinyaci na manta abin da aka aike shi ba, ya bar rabin aikinsa.

Ga kuma mutuwar himma, alamar da dangi suka fi tsana. Mutum ya wuni a zaune, ya san ya kamata ya tashi, yana ma son ya tashi, amma igiyar da ke haɗa niyya da motsi ta saki. A gida sunan wannan ragwanci. A littafin likita alama ce ta larurar kamar yadda zazzaɓi yake alamar maleriya, kuma faɗa ba ya warkar da ita kamar yadda ba ya sauke zazzaɓi.

Mahaɗa ɗaya, hanya biyu

Haɗa larurorin biyu a zance na da haɗari, domin likitanci ya taɓa cakuɗa su ya yi ɓarna. Eugen Bleuler, likitan Suwizalan da ya ƙirƙiro sunan sikizofireniya a 1908, shi ne ya fara amfani da kalmar otizim, a matsayin alamar janyewa cikin kai ga masu wannan larura. Da Leo Kanner ya bayyana yara 11 a Baltimore a 1943, kalmar ya ara, kuma shekaru da dama ana ɗaukar irin waɗannan yara a matsayin masu sikizofireniyar ƙuruciya. Sai da binciken Israel Kolvin na 1971 a Ingila ya nuna bambancin shekarun farawa da alamu, sannan kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya raba su a 1980.

Rabuwar daidai ce, kuma tana da muhimmanci ga taimako. Mai otizim yawanci bai taɓa samun wata ƙwarewar ba, ana bukatar koya masa mataki-mataki tun da wuri, da yi masa gargaɗi kafin sauyi. Mai sikizofireniya sau da yawa ya taɓa iyawa, abin da ya kuɓuce masa shi ne sauri da somawa da riƙe zare, don haka abin tunatarwa da rage nauyi yake bukata. Mutum biyu na iya barin tukunya ta ƙone, ɗaya don an katse masa tsari, ɗayan don ya kasa tashi. Wanda ya ba su magani ɗaya bai fahimci ko ɗaya ba.

Hujjojin masu ja

Masu kare tsohon tsari suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko sukan ce rahoton iyaye son rai ne: uwa mai fargaba za ta ƙara gishiri, uba mai jin kunya zai rage. Gaskiya ne. A sikizofireniya ma Philip Harvey da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa abin da majinyaci ke faɗa game da iyawarsa sau da yawa ba ya dacewa da abin da ke faruwa, yayin da rahoton mai kula da shi na kusa ya fi kusa da gaskiya. Maganin shaida mai rauni shi ne ƙarin shaidu: a ji daga mutumin, a ji daga gida, a ji daga malami ko maigidan aiki, a kuma kalli mutum yana aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma alƙalin da ya kori shaidun gani da ido ya riƙe wanda bai je wurin ba bai nemi gaskiya ba.

Na biyu sukan ce wannan ƙofa ce ga malalata. Bambancin ba shi da wuyar gani ga mai son gani. Malalaci zaɓe yake yi, yana gudun aikin da zai amfani wani, ba ya sake da abin da zai amfane shi. Mai raunin ragama kuwa nasa kuɗin yake asara, nasa abincin yake tsallakewa, ganawar neman aikin da ya yi wata yana ɗoki ita yake makara. Sannan in aka rubuta masa matakai aka manna a ƙofa, aikin kan yiwu ba tare da an ƙara lada ko barazana ba. Takarda a ƙofa ba ta taɓa gyara malalaci ba.

Na uku, kuma mafi ƙarfi, shi ne cewa ma'aunan baƙi ne. Gwajin da Thomas Patterson ya tsara a San Diego a 2001 yana sa mutum ya ƙirga canji, ya rubuta cak, ya tsara tafiya a motar haya mai jadawali. A Kano ko Damagaram abin da ya kamata a duba shi ne ciniki a kasuwa, tura kuɗi ta waya, da sanin inda za a sauka daga adaidaita-sahu. Saurayin da al'ada ba ta taɓa bari ya shiga madafa ba, sifilinsa a girki ba ya nuna komai. Wannan hujja ce ta a sake gina ma'aunin a kan rayuwar mutanen da ake aunawa. Ba ta wanke wanda ya ƙi tambaya gaba ɗaya ba.

Akwai kuma ƙorafin masu otizim da ke magana da yawun kansu, cewa an cika lissafa gazawarsu ana mantawa da muhallin da ke kayar da su. Suna da gaskiya, kuma gaskiyarsu tana ƙarfafa wannan matsayi. Iya riƙe kai sakamako ne na haɗuwar mutum da wurin da yake. Ofis mai hayaniya da umarnin baka da ke sauyawa kowace sa'a na iya mayar da ƙwararre abin tausayi, ofis mai rubutaccen tsari ya mayar da shi ginshiƙi. Ana aunawa ne don a san inda za a sa tsani.

Abin da aka gwada ya yi aiki

Da a ce babu abin yi, da shirun likitoci ya samu uzuri. Akwai abin yi, kuma yawancinsa ba shi da tsada. Dawn Velligan ta San Antonio a jihar Texas ta tsara hanyar da ma'aikaci ke zuwa gidan mai sikizofireniya kowane mako ya gyara muhallin: agogon tunatarwa, akwatin magani mai ranaku, jerin ayyuka a bango, buroshi a inda ido zai faɗa kansa. Wanda matsalarsa kasa somawa ce a cika masa gida da alamu, wanda matsalarsa rarrabuwar hankali ce a kwashe tarkace, a haɗa masa kayan sawa na kowace rana wuri guda. A gwajin da aka wallafa a 2000, na mutum 45 tsawon wata tara, waɗanda aka yi wa haka sun fi iya riƙe kansu, kuma ciwon bai cika tasar musu ba.

A fannin aiki, Deborah Becker da Robert Drake na New Hampshire suka juya tsohon tsari. Maimakon a yi shekaru ana horar da mutum a ɗaki ana jiran ya shirya, sai a sama masa aikin gaske da wuri, a bi shi can da taimako. An gwada hanyar a birane shida na Turai da mutum 312, sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2007: kashi 55 cikin 100 sun samu aiki, a tsohon tsari kuwa kashi 28. Haka nan a 2011 Til Wykes ta Landan da abokan aikinta suka haɗa bincike 40 kan atisayen ƙwaƙwalwa, suka ga yana da amfani matsakaici, kuma amfanin ya fi isa rayuwa in an haɗa shi da koyon aiki na zahiri. Darasin ɗaya ne: ƙwarewar da aka koya a ɗaki ba ta bin mutum gida da ƙafarta.

Najeriya ta taɓa riƙe wannan darasi kafin a rubuta shi a mujallu. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwansa, suna karɓar magani da rana suna rayuwa cikin jama'a. Likita a irin wannan tsari yana ganin mutum a inda rayuwa take. Wannan ba ya nufin zaman dangi magani ne da kansa. Gidan da ke yi wa mutum komai na iya ɓoye rauninsa shekara 30, ranar da uwa ta kwanta dama a tarar da magidanci ɗan shekara 40 bai san inda ake sayen maganinsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bashin da ke kan kowa

Kundin likitocin Amurka da kansa ya sallama a 2013, inda ya ce a riƙa auna tsananin raunin basira da iya riƙe kai maimakon maki. In har an yarda da haka ga masu ƙaramin maki, babu hujjar hana masu babban maki irin wannan adalci.

Abin da ake nema daga likita bai wuce minti biyar ba. Wa ke tuna masa magani? Yaushe rabonsa da fita shi kaɗai ya dawo da abin da ya je nema? In an ba shi kuɗin mako, kwana nawa suke yi? Me ke faruwa in tsari ya sauya? Daga hukumar tallafi da makaranta ana neman su daina mayar da lamba 70 ƙofa. Daga mai ba da aiki ana neman umarni a rubuce, aiki ɗaya bayan ɗaya, da sanarwa kafin sauyi. Daga dangi kuwa ana neman abu mafi wuya, wato su ajiye kalmar lalaci, su raba aikin gida-gida, su tsaya a gefe mutum ya yi da hannunsa ko da zai ɗauki sa'a guda.

Kowace shekara da aka ƙara ana jinkiri, akwai ɗalibin da za a kora daga jami'a da makin da ya fi na malaminsa, akwai magidancin da za a sallama daga asibiti a rubuta ya samu sauƙi, ya koma ɗaki ya zauna har tsufa. Fayil ɗinsu zai nuna komai daidai, domin babu wanda ya rubuta tambayar da za ta nuna akasin haka.